Wuƙar Aljihu ta Sheffield: Tarihin Sana'ar da Hanyar Gane Tsohuwar Wuƙa da Adana Ta

Wuƙar aljihu, wato ƙaramar wuƙar da ruwanta ke naɗewa ya shige cikin ƙotarta ta yadda ba ta bukatar kube, tsohuwar aba ce da aka tono irinta a kufan garuruwan Rumawa, amma siffar da aka san ta da ita a yau ba ta kankama ba sai a ƙarni na 17, lokacin da maƙera suka shimfiɗa wani siririn ƙarfe mai lanƙwasa a bayan ƙotar, wanda ke tokare ruwan idan an buɗe, ya kuma danne shi idan an rufe. Wannan ƙarfe shi ake kira sifirin, kuma daidaita ƙarfinsa da nauyin ruwan wuƙar shi ne ma'aunin gwanintar mai haɗa ta. Babu garin da sunansa ya shaƙu da wannan wuƙa kamar Sheffield, a kudancin lardin Yorkshire na Ingila, inda aka shafe ƙarnoni ana ƙera ta ana aika ta ƙasashen duniya. Tsohuwar wuƙar garin tana ɗauke da shaidar zamaninta a jikinta, a tambarin da aka buga mata, da irin ƙarfenta, da abin da aka lulluɓe ƙotarta da shi, saboda haka gane ta da kula da ita duka sun rataya ne a kan sanin tarihin sana'ar da ta haife ta.

Abin da ya fara jawo sana'ar zuwa wannan wuri shi ne ruwa da dutse. Garin yana zaune ne a mahaɗar koguna biyar, Don da Sheaf da Porter da Rivelin da Loxley, waɗanda ke gangarowa da ƙarfi daga tsaunuka, kuma tsaunukan nan suna da wani dutsen yashi mai kaushi da ya dace da wasa ƙarfe. Mutanen yankin suka datse kogunan, suka kafa injinan katako da ƙarfin ruwa ke juyawa, injinan kuma suna juya manyan duwatsun washi, har ya zamana a ƙarshen ƙarni na 18 akwai irin waɗannan wuraren aiki fiye da ɗari a gaɓar kogunan. Takardun haraji na shekarar 1297 sun ambaci wani mai sana'ar wuƙa a garin, kuma a ƙarshen ƙarni na 14 marubuci Geoffrey Chaucer ya sa wani mai niƙa a cikin labaransa yana ɗauke da wuƙar Sheffield, abin da ke nuna cewa tun a lokacin an san sunan garin a Landan.

A shekarar 1624 majalisar dokokin Ingila ta kafa ƙungiyar maƙeran wuƙa ta Hallamshire, wato gundumar da Sheffield ke cikinta, ta ba ta ikon tsara koyon sana'a, wanda ba ya gaza shekara bakwai, da ikon raba tambura. Shugabanta, wanda ake zaɓa shekara-shekara, yana da matsayi mai kama da na Sarkin Maƙera a garuruwan Hausa, sai dai nasa ba na gado ba ne. Tambarin alama ce da ake bugawa a gindin ruwan wuƙa, wato ɗan faffaɗan wurin da ba a wasa ba wanda ke dab da ƙusar da ruwan ke juyawa a kanta, kuma manufarsa ta farko ita ce a san wanda za a kama idan aiki ya lalace. Da tafiya ta yi nisa tambari ya zama dukiya da ake gada ake kuma sayarwa, musamman bayan 1814 da doka ta kwance wa ƙungiyar ikon hana kowa shiga sana'ar. Wannan batu yana da muhimmanci ga mai binciken tsohuwar wuƙa, domin tambari ɗaya yana iya ratsa hannun gidaje uku ko huɗu cikin shekara ɗari biyu, kuma shekarar da aka fara rajistarsa ba ita ce shekarar da aka ƙera wuƙar da ke ɗauke da shi ba.

Ƙarfen da garin ya yi suna da shi ba daga tamar Ingila aka samo shi ba. Sandunan ƙarfe masu tsabta ake shigowa da su daga Suwidin, mafi daraja daga cikinsu na ma'adinan Dannemora, a jera su cikin akwatunan dutse tsakanin shimfiɗun gawayi, a toshe, a hura wuta kusan mako guda ko fiye, har sinadarin gawayin ya ratsa ƙarfen ya ba shi taurin da zai riƙe kaifi. Matsalar wannan hanya ita ce sinadarin yakan taru a fatar sandar ya bar cikinta da laushi, don haka sai an kakkarya sandunan an ɗaure su an sake dukansu cikin zafi su haɗe, kuma wannan ne ƙarfen da ake buga wa kalmomin SHEAR STEEL. A shekarun 1740 wani mai gyaran agogo, Benjamin Huntsman, wanda ke neman ƙarfe mai kyau don sifirin agogonsa, ya gano hanyar narkar da ƙarfen baki ɗaya a cikin tukwanen yumɓu masu jure wuta, ta yadda sinadarin ke gauraya ko'ina daidai wa daida. Wuƙaƙen da aka yi da wannan narkakken ƙarfe su ne ake gani da rubutun CAST STEEL, kuma irin wannan rubutu ya fi yawa a kayan ƙarni na 19.

Wuƙar aljihu guda ɗaya takan bi ta hannun mutane da dama kafin ta kai ga mai saye. Maƙeri ne ke dukan ruwan ya fitar da siffarsa, ya buga ɗan tsagin da farce ke kamawa wajen buɗewa, sannan ya ba shi ruwa ya taurara shi. Mai washi ya karɓa ya fitar da kaifi da santsi. Wani ya yanko sifirin, wani ya yanko ɓari biyu na ƙota daga ƙashi ko ƙaho. Daga ƙarshe mai haɗawa ya zauna a bencinsa da magagari da ƙaramar uwar maƙera ya daidaita komai ya ɗaure da ƙusoshi. Akasarin waɗannan mutane ba ma'aikatan kamfani ba ne, ƙananan masu sana'a ne masu cin gashin kansu, da ke hayar ɗaki ko hayar wuri a gidan washi, suna karɓar aiki daga manyan gidaje ana biyansu a kan dozin. Abin da wannan ke nufi shi ne sunan da ke gindin ruwan wuƙa sau da yawa sunan mai jari ne ko ɗan kasuwa, a wasu lokutan ma sunan mai kanti ne na Landan ko New York da ya yi odar kayan, alhali hannuwan da suka yi aikin ba su bar suna ko'ina ba.

Masu washi su ne suka fi biyan farashin wannan suna da garin ya yi. Mai washi yana zama ne a kan wani benci kamar mai hawan doki, ya sunkuya a kan dutse mai juyawa da sauri, ƙirjinsa a matse, yana shaƙar ƙurar dutse da ta ƙarfe daga safe har dare, ga kuma hatsarin dutsen ya tarwatse ya kashe wanda ke kansa. Ƙurar takan taru a huhu ta haifar da ciwon da likitocin garin suka yi ta rubutu a kansa, irin su Arnold Knight da Calvert Holland, kuma Friedrich Engels ya kawo bayanan Knight a littafinsa na 1845 kan halin da ma'aikatan Ingila ke ciki, inda aka nuna cewa masu wasa cokula masu yatsu a busasshen dutse sukan mutu tsakanin shekara 28 da 32, masu amfani da jiƙaƙƙen dutse kuma sukan kai tsakanin 40 da 50. Ba daidai ba ne a yaba santsin tsohon ruwan wuƙa a manta da wannan. Santsin nan, musamman wanda ake kira na madubi, da ake samu ta hanyar goge ƙarfe da jan garin tsatsa a kan faifan da aka lulluɓe da fata, aiki ne da ya ci lafiyar mutane, kuma idan aka kankare shi da injin zamani ba mai iya mayar da shi yadda yake.

Gidaje biyu ne suka yi fice a ƙarni na 19. Na farko shi ne Joseph Rodgers da 'ya'yansa, mai mazauni a lamba 6 titin Norfolk, wanda tambarinsa tauraro ne da gicciyen Malta, alamar da aka fara bayarwa a 1682 kuma ta zama ta iyalin a 1764. A farkon shekarun 1820 gidan ya samu izinin kiran kansa maƙerin wuƙar sarki a zamanin George na Huɗu, ya ƙera wata wuƙa mai ruwa 1,822 don tunawa da shekarar 1822, sannan a babban baje kolin Landan na 1851 ya nuna wata mai ruwa 75. Daga wannan alaƙa da fada aka samu wata hanyar ƙiyasta shekaru, domin maƙera sukan buga harafin farko na sunan mai mulki da kambi da harafin R: G ga George na Huɗu, wanda ya yi mulki daga 1820 zuwa 1830, W ga William na Huɗu zuwa 1837, V kuma ga Sarauniya Victoria zuwa 1901. Harafin G yana bukatar lura, don an sake samun sarakuna masu wannan suna daga 1910 zuwa 1952, sai an duba sauran alamomin wuƙar kafin a yanke hukunci. Gida na biyu shi ne na George Wostenholm, wanda ya mallaki tambarin I*XL, ya karkata kasuwancinsa kacokan zuwa Amurka, ya yi ta ƙetare teku da kansa yana neman masu saye, har a 1848 ya koma wata masana'anta mai suna Washington. A kasuwar Amurka ne kuma wuƙar Barlow ta yi kaka-gida, wata mai araha da ake ganewa da doguwar kafaɗar ƙarfe a bakin ƙotarta, wadda ta samo sunanta daga wani iyalin maƙera na Sheffield.

Wannan dogaro da Amurka shi ne ya zama rauni. A 1890 majalisar Amurka ta zartar da dokar harajin shigo da kaya da aka sani da sunan McKinley, wadda ta ɗora kuɗin fito mai nauyi a kan wuƙaƙen waje, ta kuma wajabta rubuta sunan ƙasar da aka yi kaya daga 1891. Cinikin Sheffield a can ya karye, masana'antun Amurka, waɗanda da yawansu maƙeran Sheffield da suka yi ƙaura ne suka kafa su ko suka riƙe aikinsu a jihohin New York da Connecticut, suka cike gurbin. Ga mai bincike dokar ta bar iyaka mai amfani: wuƙar da ke ɗauke da kalmar ENGLAND a ƙarƙashin SHEFFIELD galibi ta bayan 1890 ce. Sai dai ƙa'idar ba ta aiki ta ɗaya fuskar, domin kayan da aka yi don kasuwar cikin gida ba dole ne su ɗauki sunan ƙasa ba, don haka rashin kalmar shi kaɗai ba ya tabbatar da tsufa.

Ƙota ma tana da nata bayanin. Wuƙaƙen talakawa sukan zo da ƙashin shanu ko ƙahon ɓauna ko katako, tare da kafaɗa da farantan ciki na baƙin ƙarfe, na masu hali kuma da ƙahon wata babbar barewar Indiya mai suna sambar, ko ɓawon kawa mai ƙyalli, ko ƙoƙon kunkurun teku, ko hauren giwa, wanda manyan gidaje ke tarawa jibgi-jibgi a ɗakunan ƙasa, akasarinsa daga Afirka. Ana bambanta haure da ƙashi ta hanyar duba su da madubin ƙara girma, domin ƙashi yana da ƙananan ramuka da ɗigo-ɗigo baƙaƙe inda jijiyoyin jini suka bi, haure kuwa sumul yake, kuma a inda aka yanke shi ana ganin siraran layuka masu gittawa juna. Farin ƙarfen da ake kira azurfar Jamus, wanda haɗin jan ƙarfe ne da nikel da zinki ba tare da ko ɗigon azurfa ba, ya yaɗu ne daga wajen shekarun 1830. Wuƙaƙen da suka fi sauƙin ganewa su ne na yankan 'ya'yan itace masu ruwan azurfa, saboda ofishin gwajin azurfa na garin, da aka kafa a 1773, yakan buga musu kambi, alamar Sheffield har ƙarshen 1974, da zaki mai tafiya, da harafi guda da ke nuna ainihin shekarar, tare da hoton kan mai mulki tsakanin 1784 da 1890 a matsayin shaidar biyan haraji.

A 1913 Harry Brearley, ɗan garin kuma ɗan ma'aikacin ƙarfe, ya samar da ƙarfen da ba ya tsatsa ta hanyar ƙara masa sinadarin kuromiyam. Wuƙaƙen tebur sun karɓe shi da wuri, na aljihu kuwa sun daɗe a kan tsohon ƙarfe saboda ya fi saurin ɗaukar kaifi, amma duk ruwan da aka rubuta wa STAINLESS ba zai girmi Yaƙin Duniya na Farko ba. Ƙarni na 20 ya zo wa sana'ar da koma-baya a hankali, ta fuskar gasar garin Solingen na Jamus da farko, daga baya kuma kayan gabashin Asiya masu araha. Gidajen Rodgers da Wostenholm sun haɗe a 1971, kamfanin ya durƙushe a shekarun 1980, wani kamfanin garin ya sayi tamburan ya ci gaba da amfani da su, ta yadda tauraro da gicciye da I*XL suna fitowa har yau a kan sababbin wuƙaƙe. Wani gwanin sana'ar, Stan Shaw, wanda ya fara koyon ta a 1941 kuma ya iya kowane mataki nata shi kaɗai, ya ci gaba da aiki a gidan tarihi na Kelham Island har tsufansa, ya rasu a 2021 yana da shekara 94.

Idan an tattara waɗannan alamomi, abin da ake nema shi ne su yarda da juna. Tambari na gaskiya ana buga shi ne kafin a taurara ƙarfe, don haka haruffansa suna da zurfi da tsabta, kuma sun tsufa tare da sauran ruwan. Wanda aka ƙara daga baya yakan yi kaifin baki a kan ƙarfen da ya riga ya zaizaye, ko a ga gindin ruwan ya sirance saboda an kankare tsohon suna. Jabu ba sabon abu ba ne a wannan sana'a, domin tun a ƙarni na 19 manyan gidajen garin ke kuka da masu kwaikwayon tamburansu. Ana kuma duba ko ƙusar da ruwan ke juyawa a kanta ta yi launi ɗaya da kafaɗar, ko tsawon ruwan ya cika ƙotar, ko tsatsar ruwa da ta sifirin sun yi daidai, tun da sabuwar ƙusa ko ruwan da ya gaza ramin da aka yi masa suna nuna an taɓa warware wuƙar ko an yi mata dashe. Wuƙar kirki, ko ta shekara ɗari, tana buɗewa cikin santsi ta tsaya da ɗan ƙara mai tsabta, ba tare da ruwan yana girgiza gefe da gefe ba.

Game da kulawa, ɓarnar da masu kyakkyawar niyya ke yi ta fi wadda shekaru ke yi. Launin toka ko shuɗi-shuɗi da ke rufe tsohon ƙarfe ba cuta ba ne, wata fata ce da ke rage saurin tsatsa, kuma tana cikin shaidar shekarun wuƙar, saboda haka ba a goge ta. Jar tsatsa mai gari ita ce ke cin ƙarfe, kuma maganinta shi ne a jiƙa wurin da ɗan man keken ɗinki ko wani farin man ma'adini mara kauri, a bar shi ya kwana, sannan a murza a hankali da tsumma ko tsinken katako, in ta ƙi sai a sa soson ƙarfe mafi laushi, ana kauce wa tambari. Takarda mai yashi da injin washi suna shafe haruffa, suna cinye siffar da mai washi na asali ya bayar, zafin injin kuma yana iya kashe taurin kaifin. Man gyaɗa da manja da sauran man girki ba su dace ba, domin sukan daskare su yi danƙo a mahaɗa su riƙe ƙura. Ɗigo ɗaya na mai a mahaɗar ruwa ya isa, bayan an share ramin ƙotar da tsinke, kuma ba a jiƙa wuƙar cikin ruwa, tun da ruwan da ya shiga tsakanin ƙota da farantan ciki ba ya fita da sauƙi. Idan ruwa biyu suna kan sifirin ɗaya ba a buɗe su rabi-rabi a lokaci guda, saboda hakan yana lanƙwasa shi ta fuska biyu, kuma tsohon sifirin da ya karye da wuya a sami madadinsa.

Ƙashi da ƙaho da haure suna shan laima suna kuma fitar da ita, don haka sauyin yanayi na farat ɗaya ne ke tsaga su, galibi a kewayen ƙusoshi. A ƙasashen da iskar hunturu ke busar da komai sannan damina ta biyo da laima, wuƙar ta fi samun lafiya a cikin akwati ko aljihun tebur, nesa da rana da taga, a naɗe cikin tsumman auduga. Ba a ajiye ta cikin jakar fata na dogon lokaci, domin sinadaran jima da laimar da fata ke riƙewa suna sa ƙarfe tsatsa, su sa tagulla ta yi kore. Hatsari mafi girma yana tattare da seluloyid, wato robar farko da aka fara yi wajen 1870 daga auduga da ruwan asid da kafur, wadda aka yi amfani da ita sosai wajen kwaikwayon haure da ƙoƙon kunkuru. Idan ta tsufa takan fara ruɓewa tana fitar da iska mai asid, alamarta kuwa ita ce ƙota ta motse ko ta tsattsage, sashen ruwan da ke leƙowa daga ƙotar ya yi tsatsa alhali na ciki bai yi ba, kuma wannan iska tana cin duk ƙarfen da ke kusa. Irin wannan wuƙa ana ware ta ita kaɗai a wuri mai iska da sanyi, ba a rufe ta tare da wasu. Mai wuƙar da ke da ƙotar haure ko ƙoƙon kunkurun teku kuma yana bukatar bincika doka kafin ya sayar ko ya ƙetare iyaka da ita, domin an haramta cinikin haure tsakanin ƙasashe tun 1989, kuma dokar Birtaniya ta 2018, wadda ta fara aiki a 2022, ta hana sayar da akasarin kayan hauren giwa ko da tsofaffi ne, in ban da 'yan kaɗan da aka keɓe aka yi musu rajista.